Labaran da ke kwance cikin adaka da amanar wanda ya tsince su

Bahaushe ya saba da labarin da ke da mai shi. Tun daga tatsuniyar da kaka ke yi wa jikoki a tsakar gida har zuwa littattafan da muka karanta a makaranta, kullum akwai wani zaune a gabanmu wanda ya san farkon labari, ya san ƙarshensa, yana gutsuro mana yadda ya ga dama. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ne ke zayyana wa Koje Sarkin Labari abubuwan da ya gamu da su. A Magana Jari Ce aku ne ke riƙe da zaren. A Shaihu Umar kuwa malamin da kansa ne ke ba almajiransa tarihinsa bayan wahala ta wuce. Wanda ke ba ka labarin yadda ya tsallake rijiya da baya, ai ka riga ka san ya tsallake, tunda ga shi zaune yana magana.

Akwai wata hanya ta daban, wadda a cikinta babu mai ba da labari. Sai a zube maka wasiƙu bisa jerin kwanakinsu, ko littafin da mutum ke rubuta abin da ya same shi kullum, wanda 'yan boko ke kira dayari, ko faifan bidiyon da aka tsinta bayan mai ɗaukarsa ya ɓace, a ce kai mai karatu ka haɗa labarin da kanka. Ni a ganina wannan hanya tana da ƙarfin da ta farkon ba ta da shi, kuma mu mutanen karkarar Zazzau, daga Gazara zuwa Makarfi da Ikara da Kudan, muna kwana da kayan aikinta a ƙarƙashin gado, gara tana ci. Sai dai kayan tsintuwa ne, tsintuwa kuwa tana da hukunci.

Bari mu fara da tarihin da ya shafe mu duka. Lokacin da sojojin Ingila suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903, sun tarar da tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari. Wani jami'in mulkin mallaka mai suna H. F. Backwell ya fassara sama da ɗari daga cikinsu zuwa Turanci, aka buga a Legas a 1927. Wasiƙu ne da sarakunan daula ke aika wa Sarkin Musulmi da Wazirinsa a shekarun da Nasara ke matsowa gari bayan gari. A ciki akwai ta Lamiɗon Adamawa Zubairu, wanda ya rubuto bayan an fitar da shi daga Yola a 1901. Akwai kuma ta Sarkin Kano Alu, inda yake ba Waziri shawarar a yi hijira a bar ƙasar.

Littafin tarihi zai gaya maka a layi ɗaya cewa daular ta faɗi a 1903. Wasiƙun kuwa suna zaunar da kai kusa da mutanen da ba su san za ta faɗi ba. Suna lissafi, suna neman shawara, wani na cewa a tsaya, wani na cewa a tashi. Kai mai karatu ka san Sarkin Musulmi Attahiru zai yi shahada a Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara, ka san Alu zai ƙare rayuwarsa a Lakwaja, ka san Zubairu ba zai sake kwana a fadarsa ba. Su ba su sani ba. Wannan tazara da ke tsakanin saninka da rashin saninsu ita ce ke sa zuciya ta yi nauyi, kuma babu gwanin marubucin da zai iya ƙaga ta da kyau kamar yadda lokaci ya yi.

Ƙarfi na biyu shi ne takardar da mutum ya rubuta don kansa ba ta kwalliya. Hamman Yaji, Hakimin Madagali a ƙasar Adamawa, ya sa ana rubuta masa abubuwan da yake yi tun daga 1912 har zuwa 1927, shekarar da Turawa suka tuɓe shi suka kwashe takardunsa. An fassara kundin zuwa Turanci, daga baya aka buga shi a Amurka a 1995. Mai karanta shi zai ga hakimin yana lissafa harin da ya aika ƙauyukan kan dutse da yawan bayi da shanun da aka kamo, da irin muryar da yake lissafa kyautar da ya bayar ko ya karɓa. Babu nadama, babu kare kai, domin bai zaci wani baƙo zai karanta ba. Da maƙiyinsa ne ya ba da wannan labari, da an ce ƙazafi ne. Da maroƙinsa ne, da an binne rabin zancen. Tunda shi ne ya faɗa da bakinsa, ya zama shaida a kan kansa, jikokin waɗanda aka kama kuma sun sami hujjar da ba ta buƙatar rantsuwa.

Kada a ɗauka wannan abin zamanin da ne kawai. Cikin 'yan matan Chibok 276 da aka sace daren 14 ga Afrilu, 2014, akwai waɗanda suka riƙa rubuta abin da ke faruwa da su a ɓoye, cikin littattafan rubutun da masu tsaronsu suka ba su don karatu. Suna binne su a ƙasa, suna ɗaure su a jiki, har aka sako wasu daga cikinsu a watan Mayu na 2017 suka fito da su. Daga waɗannan shafuka ne duniya ta ji cewa, bisa ga abin da 'yan matan suka ji da kunnensu, maharan sun je makarantar ne neman na'urar buga bulo, sai da suka tarar da ɗalibai sannan suka yi gardamar yadda za su yi da su. Shekara uku manyan masana na sharhi a rediyo da talabijin, amma 'yan shafukan da yara suka ɓoye ne suka kawo abin da sharhin bai sani ba.

Marubutan ƙagaggun labarai sun daɗe da gane wannan sirri, suka ara. Da yawa daga cikin ɗalibanmu sun karanta littafin Mariama Ba ta Senegal, So Long a Letter, wanda ya fito da Faransanci a 1979 ya kuma ci kyautar Noma a 1980. Gaba ɗayansa wasiƙa ce guda, wadda Ramatoulaye ke rubuta wa aminiyarta Aissatou tana cikin takaba, bayan rasuwar mijin da ya yi mata kishiya da ƙawar 'yarsu. Abin da ba za ta iya faɗa a gaban masu gaisuwar mutuwa ba, shi take faɗa wa takarda, mu kuma muna leƙe ta bayan kafaɗarta. Kafin ita, Ferdinand Oyono na Kamaru ya fitar da Houseboy a 1956, inda aka nuna kamar an tsinci littattafan rubutu biyu ne a jakar wani yaron gidan Bature mai suna Toundi yana bakin mutuwa. Yaron na rubuta abin da ya gani a gidan ubangidansa da zuciya ɗaya, mai karatu kuwa na hango ramin da yake dosa tun shi bai hango ba.

Masu fim ma sun bi sahu. A 1999 aka fito da The Blair Witch Project a Amurka, aka gabatar da shi a matsayin kaset ɗin wasu ɗalibai uku da suka shiga daji ɗaukar hoto suka ɓace. Hoton na rawa, wani wuri duhu ne kawai da numfashi, dodon kuma ba a nuna shi ko sau ɗaya ba. Fim ɗin da aka yi da kuɗi kaɗan ya tara kusan dala miliyan 250. Dabarar duk ɗaya ce: a rage wa mai kallo bayani, a bar masa giɓi, sai tunaninsa ya cike wurin da abin da ya fi tsoro.

To, mene ne haɗin wannan da Gazara? Ƙasarmu ƙasar noman rake ce da mazarƙwaila, da tumatir da barkono, kuma ƙasar tafiya ce. Tun kakanni, da an kawar da amfanin gona sai samari su tafi ci-rani, almajirai su nufi gabas, fatake su bi kaya zuwa Kudu, wasu su shiga soja, wasu su tafi Makka su zarce da zama. Duk wanda ya tafi ya bar na gida, kuma abin da ke haɗa su kafin zuwan wayar hannu shi ne takarda. A gidaje da yawa har yanzu akwai adakar ƙarfe ko tsohon gafaka da ba a buɗe ba tun rasuwar mai gida. A ciki za ka sami wasiƙun ajami da na boko, da takardun harajin da aka daina biya tun da gwamnatin Balarabe Musa ta soke shi a 1979, da rasiɗin auduga na fuloti, da takardar jinginar gona, da bangon littafin da malam ya rubuta ranar haihuwar 'ya'yansa da shekarar da aka yi fari ko aka ga kusufi.

Ina cikin yaran makarantar da suka yi wa tsofaffi rubutun wasiƙa a garinmu, don haka na san yadda ake gina ta. Ana farawa da cewa takarda ta fito daga hannun wance zuwa ga wane, sai gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Sai a jero masu gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, har da jaririn da bai fara magana ba. Wannan kan cinye kashi uku cikin huɗu na shafin. Uwa za ta ce in rubuta wa ɗanta da ke Legas cewa kowa lafiya, babu komai sai alheri, alhali na shigo ta gaban rumbun na ga abin da ya rage a ciki. Sai can ƙarshe, dab da haza wassalam, ta yi shiru, sannan ta ce in ƙara da cewa ɗakin baya ya fara yoyo. Wannan layi guda shi ne wasiƙar. Ɗan ya san ba zancen jinka ake yi ba.

Dalilin wannan kewaye-kewaye shi ne wasiƙar karkara ba ta da sirri. Yaro ne ya rubuta, direba ko ɗan kasuwa ne zai kai, wani ne kuma zai karanta wa mai ita da ƙarfi, watakila a gaban abokan zamansa. Saboda haka kunya da kara da alkunya suka koya wa iyayenmu faɗin babbar magana da ƙaramar kalma. Mace ba za ta ambaci sunan mijinta ba, uwa ba za ta ambaci na ɗan fari ba, ba a roƙo kai tsaye, ba a faɗin rashin lafiya sai ta yi tsanani. Marubucin da ya fahimci wannan ya sami taska, domin abin da Turawan fim ke wahalar ƙirƙira, wato giɓin da mai karatu zai cike, mu al'adarmu ta riga ta gina shi cikin kowace takarda.

Ka ɗauki wasiƙu goma sha biyu daga ɗan ci-rani zuwa ga mahaifiyarsa. Ta farko doguwa ce, cike da alkawari. Ta huɗu ta zo da kuɗi. Ta bakwai ta zo babu kuɗi, an kuma daina gaida wata yarinya da a da ake gaidawa a kowace takarda. Ta goma rubutun hannun ya canza. Ta ƙarshe wani ne ya rubuto a madadinsa. Ba ka buƙatar wanda zai ce maka ga abin da ya faru, kai da kanka za ka zama alƙali, ka jera shaidu, ka yanke hukunci, kuma labarin da mutum ya haɗa da kansa ba ya saurin barin zuciyarsa.

Bayan takarda sai kaset ya zo. Wanda ke Jidda ko Kumasi zai ɗauki muryarsa ya ba mai dawowa gida, a taru a tsakar gida a kunna rediyo, tsohuwa na amsa gaisuwa kamar yana jin ta. Sannan a juya kaset ɗin a ɗauki amsa, da carar zakara da kukan yaro da sautin turmi a baya. Waɗannan sautuka da ba a yi nufin ɗauka ba, su ne yau suka fi komai daraja, domin su ne muryar gidan da ya riga ya watse. A yanzu kuma saƙon murya na WhatsApp da bidiyon waya ne suka gaji wannan aiki. Ba a taɓa yin zamanin da talakan ƙauye ke ajiye bayanin rayuwarsa da yawa kamar yau ba.

Sai dai duk wannan dukiya tana zubewa ta ƙofofi da dama. Gara da ɓera da ruwan damina na cin takarda. Ranar rabon gado ana ƙirga gona da shanu, takardun kuwa a bar wa mai ƙosai ta ƙunshe kaya. Akwai kuma asarar da ladabi ke jawowa: matashin da bai iya karanta ajami ba, da ya ga baƙaƙen Larabci sai ya ɗauka aya ce ko laƙani, ya ƙona ko ya binne don kada a taka, alhali wasiƙar kakansa ce yana ba da labarin yadda ya isa Sudan a ƙafa. Kaset na narkewa a zafin kwano, rediyon da zai kunna shi ma ya yi wuyar samu. Wayar hannu kuwa ta fi duka rauni. Ta faɗa ruwa a fadamar rake, ko a sace ta a kasuwar Makarfi, ko a sayar a sayi taki, shi ke nan muryar mahaifin da ya rasu bara ta tafi tare da ita. Takardar 1903 ta kai gare mu, amma saƙon muryar shekara biyar da suka wuce da yawa ya riga ya salwanta.

Yanzu sai maganar amana, wadda ita ce ta fi nauyi. A shari'a wanda ya yi tsintuwa bai zama mai kaya ba. An ɗora masa cigiya har shekara guda, an kuma ɗora masa tsare abin da ya tsinta. Haka nan Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Mu tuna cewa wasiƙun gidan Waziri da kundin Hamman Yaji ba a bakin hanya aka same su ba. Mai nasara a yaƙi ne ya kwashe, shi ya zaɓi abin da za a fassara, shi ya sa wa littafin suna. Duk labarin da aka ce tsintuwa ne, akwai hannun da ya jera shi, kuma wajibi ne mai karatu ya tambaya: wa ya tsinta, me ya cire, me yake nema?

Wannan tambaya ta fi zama dole a zamanin bidiyo. Bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na ranar 28 ga Maris, 2022, waɗanda suka kama fasinjoji sun riƙa sakin bidiyon mutanen da suke tsare da su. Hotunan gaskiya ne, amma mai bindiga ne ke riƙe da kyamara, kuma don tsoratarwa da ciniki ya ɗauka. Duk wanda ya tura su gaba ba tare da tunani ba ya yi masa aikin sanƙira kyauta. A ɗaya gefen kuma muna ganin yadda ake fallasa hirar ma'aurata ko bidiyon yarinya, aure ya mutu, gida ya kunyata, mai fallasar yana cewa ai gaskiya ya nuna. Ga kuma tsohon bidiyon wata ƙasa da ake liƙa wa sunan garinmu don tada fitina. An ce gani ya kori ji, to yau shi ma ganin sai an bincike shi.

Saboda haka ga abin da nake ba da shawara. Iyalai su buɗe adakar nan tun masu iya karanta ajami suna raye. A zaunar da dattijo ya karanta da ƙarfi, a ɗauki muryarsa, a ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, a rubuta wanda ya aiko da wanda aka aika wa da shekarar da ake zato. A ajiye asalin a busasshen wuri nesa da ƙasa, a raba kwafi ga 'yan uwa biyu ko uku. Abin da ya shafi tarihin gari, kamar takardun sarauta da na iyakar gonaki da na malamai, ana iya neman shawarar Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda ke wannan aiki tun 1970, ko Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke garin, ko sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. Ɗaliban yankinmu da ke yawon neman batun kundin kammala karatu, ga shi nan a ɗakin kakarsu.

Marubutanmu da masu shirya finafinan Hausa kuma, ina kiran su da su gwada wannan salo. Labarin amarya da uwarta ta saƙonnin murya kaɗai, ko na almajiri ta wasiƙun da yake aikawa gida, ko na ƙauyen da aka tasa ta bidiyon da ya rage a wayar wani yaro, ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, kunne yake buƙata da haƙurin barin giɓi. In kuwa da takardun gaske za a yi aiki, to a nemi izinin magada, a sauya sunaye inda ya kamata, abin da zai tona asirin mai rai ko ya zubar da mutuncin mamaci ba tare da wata maslaha ba a mayar da shi cikin adaka a rufe. Wanda ya rubuta wasiƙa ya amince wa mutum ɗaya ne. In har za mu zama na biyu, sai mu cancanci wannan amincewa.

Waiwaye adon tafiya ne. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rubuta, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.